Yadda Ake Shirya Horon Tsimin Makamashi da Wutar Sola ga Mata 'Yan Kasuwa a Tsaunin Mambila

Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba tana kan tsaunin Mambila ne, inda yawancin garuruwa suka haura mita 1,500 daga matakin teku, kuma a gefen wannan tsauni ne ƙololuwar Chappal Waddi take, mai tsayin mita 2,419, wadda babu inda ya fi ta tudu a Najeriya. An shafe shekaru da dama ana maganar babbar tashar wutar ruwa mai ƙarfin megawat 3,050 da za a gina a yankin, amma har yau mai sayar da kindirmo a Nguroje da mai injin markaɗe a Maisamari da mai ɗinki a Dorofi suna dogara ne da itacen girki da ƙaramin janareta. Duk litar fetur da za a ƙona a Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar, sai ta biyo hanyar Bali da Serti, ta iso Mayo Selbe, sannan ta hau hanyar dutsen da ake kira Biyu da Sisi a bayan mota, saboda haka kuɗinta ya fi na Jalingo tun kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, balle bayan an cire.

Wannan jagora an rubuta ta ne domin ƙungiya ko ofishin gwamnati ko gamayyar mata da ke son shirya horo a irin wannan wuri. Abin da ya fi yawan faruwa shi ne a tara mutane a ɗakin taron otal na kwana biyu, a nuna musu hotuna a bango, a raba takardar shaida da fitilar sola ɗai-ɗai, a watse, kuma kafin shekara ta zagayo fitilun sun mutu babu mai gyara su. Horon da ke barin amfani yana bin wani tsari dabam: a fara da auna abin da ake kashewa, a rage ɓarna, sannan a zo kan samar da wuta, a ɗaure shi da lissafin kuɗi, a kuma tabbata an bar mai gyara da kayan gyara a kan dutsen kafin a sauko.

Mataki na farko: a zaga kafin a rubuta manhaja

Kada a rubuta ko layi ɗaya na darasi kafin mutum biyu ko uku daga cikin masu shirya horon su kwana a garuruwan da ake nufi. Za su fara da gaisuwar sarki da hakimi da ardo da jauro da limamai da shugabannin coci, domin a irin waɗannan garuruwa baƙon da bai biyo ta ƙofa ba, ba a sakin jiki da shi, sannan su nemi shugabar matan kasuwa ta zaga da su rumfa-rumfa. Tambayoyin da za a yi kaɗan ne, amma a rubuta amsarsu da adadi. Damin itace nawa gidan yake ƙonawa a mako, kuma saye ake yi ko yara ne ke zuwa daji? Lita nawa janareta ke sha a rana, kuma kwana nawa a wata yake kwance wurin bakanike? Nawa ake biya a yi cajin waya? Wane kaya ne ke lalacewa kafin ya kai kasuwa, nono ne ko fiya ko ayaba ko nama?

A tafi da ma'aunin rataye, irin wanda ake auna buhu da shi, a auna itacen da gida goma suka tanada da safe, a koma washegari a auna abin da ya rage. Wannan ɗan aiki shi ne zai zama ma'aunin da za a gwada nasarar horon da shi bayan wata shida, kuma idan aka tsallake shi, rahoton ƙarshe zai zama labari ne kawai.

Mataki na biyu: wa za a horar, a ina, kuma yaushe

Wannan shi ne inda yawancin shirye-shirye ke karkacewa. Idan aka ce kowane gari ya turo wakili, za a turo saurayin da ya gama sakandare, wanda da zarar ya iya haɗa sola zai sauka Jalingo ko Yola neman aiki, kuma ba za a ga laifinsa ba. Kwalejin Barefoot da Bunker Roy ya kafa a ƙauyen Tilonia na jihar Rajasthan a Indiya a 1972 ta yi suna ne saboda ta bi ta wata hanyar: tana ɗauko mata manya daga ƙauyuka, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba, ta koya musu haɗawa da gyaran kayan sola cikin wata shida ta hanyar launin wayoyi da zane da nuni da hannu, su koma gida su ci gaba da aikin, saboda uwa mai 'ya'ya da gona da sana'a ba ta barin garinta. Ba lallai ne a kwaikwayi wata shidan ba, amma dalilin zaɓen ya dace da Mambila sarai.

A zaɓi mata masu sana'ar da ke tafiya, ba waɗanda ake fatan su fara ba, kuma daga kowane gari a ɗauki biyu, domin idan ɗaya ta haihu ko ta yi tafiya aikin ba zai tsaya ba. Kada aji ya wuce mutum 20, saboda kowace sai ta riƙe sukudireba da hannunta. A haɗa Mambilawa da Fulani da Kaka da Panso da Kambu da Hausawa a rukuni ɗaya, a kuma lura kada wani ɓangare ya ga an fifita wani, ganin cewa yankin ya ɗanɗana rikicin manoma da makiyaya, musamman a 2017. Darasi da Hausa zai isa ga mafi yawa, amma a samu tafinta mace mai jin Fulatanci da Mambilanci. Mazajen matan kuwa a zauna da su tun farko a bayyana musu abin da za a yi, in ya so a gayyace su ranar buɗewa da ranar rufewa.

A yi horon a kan dutsen, a ajin firamare ko zauren mai gari, a lokacin rani tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da hanya ke biyuwa kuma aikin gona ya yi sauƙi. A kauce wa ranakun kasuwa, a riƙa farawa bayan an gama tatsa da abincin safe, a tashi kafin la'asar, a kuma tanadi mai rainon jarirai a ɗakin da ke kusa. Kwana 10 da aka raba gida biyu, da tazarar mako uku a tsakani domin kowace ta je ta gwada a gidanta, sun fi kwana 10 a jere amfani.

Mataki na uku: tsimi kafin sola

Kowa zai zo da ɗokin ganin farantin sola, amma kwana ukun farko na murhu ne da tukunya da ɗaki, domin a nan ne mafi yawan makamashin gida ke tafiya. Murhun duwatsu uku yana kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne kawai na zafin itace zuwa tukunya, sauran iska ke kwashewa. Ban da asarar itace akwai hayaƙi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutane kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma a wuri mai sanyi irin Mambila, inda ake girki a ɗaki a rufe, mata da yaran da ke goye su ne suka fi shaƙarsa.

Wannan darasi ba a yin sa da baki. A kafa murhu biyu gefe da gefe a tsakar gida, ɗaya na duwatsu uku, ɗaya na laka mai tsimin itace, a ɗora tukwane iri ɗaya da ruwa lita biyar-biyar, a auna wa kowane murhu itace daidai wa daida, a ba ɗaya daga cikin matan agogo ta riƙe. Idan ruwan ya tafasa a kashe wutar, a auna itacen da ya rage a gaban kowa, a rubuta a allo. Gani ya kori ji. Daga nan kowane rukuni na mutum huɗu ya gina nasa murhun da yumɓu da yashi da yankakkiyar ciyawa, a kula da abu uku: ƙofar itace ta zama ƙarama, tukunya ta nutse cikin murhun yadda harshen wuta zai lashi gefenta, sannan ratar da ke tsakanin tukunya da bango kada ta wuce kaurin ɗan yatsa. Murhun da aka gina a bar shi ya bushe a inuwa har mako guda kafin a hura masa wuta, in ba haka ba zai tsattsage. Wadda ke da hali tana iya sayen na ƙarfe irin Save80, amma mai tuyar ƙosai ko mai dafa abincin sayarwa da babbar tukunya, na laka da aka gina daidai da tukunyarta ya fi mata.

Akwai wani abu da ya keɓanta da tudu wanda ya kamata a bayyana. A tsayin mita 1,500 ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 95 maimakon 100, shi ya sa wake da ganda suke daɗewa a wuta a Gembu fiye da yadda suke yi a Wukari, kuma ƙara itace ba ya sa ruwan ya fi haka zafi. Maganinsa shi ne a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya da murfi mai kama baki, a rage wuta da zarar an tafasa, mai hali kuma ta sayi tukunyar matsi. Mafi araha duka shi ne kwandon dafuwa: a samu babban kwando, a shimfiɗa masa tsofaffin barguna ko busasshiyar ciyawa da aka ɗinke cikin buhu, a tafasa wake na minti 15 zuwa 20, a sauke tukunyar a rufe, a cusa ta cikin kwandon a lulluɓe, a bar ta awa uku zuwa huɗu. Za a tarar ta nuna, da sauran zafinta, ba tare da an ƙara ko tsinke ɗaya ba. Itacen zaiti da ya cika tsaunin kuwa a koya wa mutane su faskara shi ƙanana su jera a rumfa ya bushe tun da rani, domin ɗanyen itace yana ɓatar da zafinsa ne wurin busar da kansa.

Game da ɗumama ɗaki, abin da za a nanata shi ne toshe kafofin da iska ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, da yin silin ko da na tabarma ne a ƙarƙashin kwano, saboda rufin kwano tsirara yana fitar da ɗumin ɗaki cikin dare. Sannan a yi gargaɗi da babbar murya cewa ba a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, ba a kuma kunna janareta a cikin ɗaki ko a baranda kusa da taga, domin iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum yana barci.

Tsimin lantarki darasi ne gajere. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ana maye gurbinsa da na LED mai wat 9 a samu haske kusan iri ɗaya. Firji a ajiye shi a inuwa da tazara daga bango, a duba robar ƙofarsa ta hanyar maƙala takarda a rufe, idan ta zare cikin sauƙi robar ta mutu, kuma ba a sa abu mai zafi a ciki. Dutsen guga da hita da risho na lantarki, waɗanda kowannensu ke jan wat 1,000 ko fiye, ba abokan ƙaramar sola ba ne, gara a faɗa tun yanzu.

Mataki na huɗu: lissafin girman sola

A nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin macen da ta iya wannan lissafi ba mai shagon da zai sayar mata da abin da bai dace da ita ba. Da ma'auni biyu za a fara. Wat shi ne ƙarfin da na'ura ke ja a lokacin da take aiki, kuma yana rubuce a jikinta. Wat-awa shi ne wat ɗin idan aka ninka shi da yawan awoyin da ta yi tana aiki. Batir kamar randa yake: farantin sola ne ke zuba masa da rana, kayan wuta suna ɗiba, kuma idan abin da ake ɗiba ya fi abin da ake zubawa, komai girman randar sai an ga gindinta.

A ɗauki misalin mai shagon da ke sayar da kindirmo da lemo tana kuma cajin waya. Tana da ƙwai huɗu masu wat biyar-biyar da ke ci awa biyar, wato wat-awa 100. Tana cajin waya 20 a rana, a ce kowace tana shan wat-awa 15, wato 300. Ƙaramin firjinta mai wat 60, wanda injinsa ke tashi yana tsayawa, a ce jimillar aikinsa awa takwas ne a yini da dare, wato 480, a cike shi 500. Jimilla wat-awa 900. Sai a ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda abin da ke salwanta a waya da batir da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta NEPA), ya zama 1,200.

Yanzu sai a raba wannan adadi da awoyin da rana ke bugawa da cikakken ƙarfinta, kuma a nan ne masu kawo kaya daga Kano ko Abuja suke yin kuskure. Damina a Mambila doguwa ce, tana farawa wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,800, kuma a Yuli da Agusta hazo da gajimare na iya rufe gari yini guda. Saboda haka ba da watan da ya fi rana ake lissafi ba, da wanda ya fi duhu ake yi, kuma awa uku shi ne adadin da ya fi aminci a yi aiki da shi. Idan aka raba 1,200 gida uku, an samu wat 400 na faranti. Abin da ke rage zafin wannan kuɗi shi ne sanyin tudu yana taimakon sola, domin ana auna ƙarfin faranti ne a digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da ya hau sama da haka yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100, saboda haka farantin da ke Gembu a rana mai haske ya fi ɗan'uwansa da ke gasuwa a Sakkwato bayarwa.

Batir kuwa, a raba 1,200 da bolt 12 na batirin, a samu amfiya-awa 100, wato ma'aunin girman batir. Idan batir mai ruwa ne ko na jel, ba a shan fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, don haka sai a ninka ya zama 200, idan kuma ana so ya ɗauki kwana biyu na hadari sai 400. Batirin litiyam ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa, ya fi daɗewa, ya kuma fi sauƙin ɗauka a bayan babur, sai dai kuɗinsa na farko ya fi nauyi. Kowace mahalarciya ta yi wannan lissafi da kayan shagonta, ta tashi ta bayyana shi a allo. Wadda ba ta karatu a ba ta ƙwayoyin masara, kowace ƙwaya ta tsaya a matsayin wat-awa 50, ta tara su a gaban hoton kowace na'ura. Matan da ke lissafin adashi da bashin kasuwa a ka ba sa shan wahala a nan, matuƙar ba a cika su da Turanci ba.

Mataki na biyar: haɗawa da hannu

A tanadi cikakken saiti ɗaya ga kowane mutum huɗu: faranti, kwantirola (na'urar da ke daidaita cajin batir), batir, fiyus, waya ja da baƙa, ƙwai, da mitar gwaji. A shafa fenti ja a duk bakin da ke ɗauke da alamar tarawa, baƙi a na ɗebewa. Jerin haɗawa a haddace shi kamar karatun allo: batir zuwa kwantirola da farko, sannan faranti, sannan kayan wuta, wurin kwancewa kuma a faro daga ƙarshe. Fiyus yana zama ne a kan jar waya dab da batir. Inbata ana haɗa ta kai tsaye da batir ta nata fiyus ɗin, ba ta bakin kwantirola ba. Siririyar waya a tsarin bolt 12 tana cinye wuta tana kuma zafi, saboda haka tsakanin faranti da kwantirola da batir a sa mai kaurin milimita 4 ko 6, a kuma gajarta tazarar iyakar iyawa. Kafin a taɓa batir a cire zobe da awarwaro, a ɗaure gyale da kyau.

Gembu tana kusan digiri bakwai ne arewa da tsakiyar duniya, don haka farantin ya fuskanci kudu, a karkata shi digiri 10 zuwa 15 yadda ruwan sama zai wanke shi ya gangara. A duba inuwa da safe da rana da yamma, a kuma tuna cewa zaitin da ke bayan gida yau ƙarami ne amma saurin girma gare shi, kuma inuwar reshe ɗaya a kusurwar faranti tana iya karya ƙarfinsa fiye da yadda ido zai zata. A bar rata tsakanin faranti da kwano domin iska ta ratsa, a ɗaure shi da ƙusoshi masu wuyar kwancewa saboda iska da ɓarayi. Tsawa kuwa a kan tudu ba abin wasa ba ce: a haɗa firam ɗin farantin da sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa mai laima, a sa na'urar kariya daga tsawa, a kuma koya wa kowa cire inbata idan hadari ya haɗo da walƙiya.

Rabin yini a ware shi domin gane jabu. A kawo faranti mai kyau da na bogi, a auna su da mita a rana ɗaya a gaban kowa. Farantin da aka yi domin batir mai bolt 12 yana nuna wajen bolt 21 zuwa 22 idan ba a haɗa shi da komai ba, kuma girman jikinsa ya kamata ya dace da abin da aka rubuta, domin ƙaramin faranti da aka liƙa wa takardar wat 300 ƙarya ce tsagwaronta. Batir mai ruwa a ɗaga shi, wanda ya yi sakayau fiye da sa'anninsa an rage masa dalma. Fitilu da ƙananan saitin gida a nemi waɗanda suka ci gwajin VeraSol, shirin da ke tantance ingancin ƙananan kayan sola, a karɓi rasit da takardar garanti, a kuma tambayi mai kaya inda za a kai idan ya lalace. Araha ba ta ado, balle a wurin da mayar da kaya ke cin kuɗin motar yini biyu.

Mataki na shida: ruwan da ke gangarowa

Abin da dutse ke da shi wanda fili ba shi da shi shi ne ƙorama mai gangara, kuma tana cika ne daidai lokacin da rana ke ɓuya. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, domin kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 ya daɗe yana samar da wuta daga ruwan Kurra a tsaunin Jos, a Mambila ma akwai ƙaramar tashar madatsar Tunga mai kilowat 400 da aka yi da taimakon UNIDO, hukumar bunƙasa masana'antu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, domin masana'antar shayi ta Kakara. Idan hali ya yi, a kai mahalarta su gan ta da idonsu.

Ba a sa ran matan su gina tasha bayan kwana 10, amma za su iya auna ƙoramarsu su san ko ta cancanci a kira injiniya. A tare ruwan da buhunan yashi ya bi ta bututu ɗaya, a tara jarka mai lita 20, a ƙirga daƙiƙa. Idan ta cika cikin daƙiƙa huɗu, lita biyar ke gudu a kowace daƙiƙa. Sannan a auna zurfin gangaren daga inda za a ɗebi ruwa zuwa inda injin zai zauna, da doguwar tiyo mai ruwa a ciki da sandar awo, mataki-mataki. A ninka litocin da mitocin, a sake ninkawa da biyar, abin da ya fito shi ne wat ɗin da za a samu. Lita biyar a gangaren mita 20 za su ba da wajen wat 500 dare da rana, wato kilowat-awa 12 a yini, daidai da buƙatar shago goma irin wanda aka lissafa a baya. Sharaɗin shi ne a yi awon a ƙarshen rani, wajen Fabrairu ko Maris, a kuma daidaita tun farko da masu shayar da shanu da masu lambu da ke amfani da ruwan, a rubuta yarjejeniya a gaban mai gari. Idan za a raba wutar ga unguwa ana karɓar kuɗi, ƙa'idojin NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙasa, na ƙananan tashoshi sun ce wadda ba ta wuce kilowat 100 ba rajista kawai take buƙata, sai dai tun bayan dokar lantarki ta 2023 jihohi ma na iya kafa nasu tsarin, don haka a bincika a Jalingo.

Gas ɗin kashin shanu yana jan hankali saboda yawan garken da ke tsaunin, amma ƙwayoyin da ke samar da shi sun fi aiki a zafin digiri 30 zuwa 37, a sanyin Mambila kuma abin da ake samu yana raguwa ƙwarai, ga shi shanun kiwo ba sa kwana wuri guda da za a tara kashin cikin sauƙi. A ambace shi, kada a gina horon a kansa. Wanda zai kai wannan manhaja duwatsun Mandara ko Bagzan da Timiya a yankin Agadas sai ya sauya lissafin, domin can ƙura ce matsalar ba gajimare ba, shafe faranti kowane mako da famfon ban-ruwa na lambu su ne za su ɗauki gurbin darasin ƙorama.

Mataki na bakwai: littafin kuɗi

Farashin naira yana sauyawa kafin a gama buga manhaja, saboda haka a koyar da lissafin da litar fetur. A ce janaretan mai shago yana shan lita biyu a rana, kwana shida a mako, wato wajen lita 50 a wata, ban da baƙin mai da kuɗin bakanike. Idan saitin solar da ta lissafa ya kai kuɗin lita 500, cikin wata 10 ya biya kansa. Idan kuma lissafi ya nuna sai bayan shekara huɗu, gaskiyar da za a gaya mata ita ce ta dakata, ko ta fara da ƙaramin saiti na haske da caji kawai. Babban injin niƙan masara, alal misali, ya fi ƙarfin aljihun mace ɗaya, sai dai gamayya ko wutar ƙorama.

Kyauta zalla ba ta cika ƙarko ba, don haka ko da akwai tallafi, kowace ta sa wani kaso daga aljihunta. Adashi hanya ce da kowa ya sani: mata 10 su zuba, duk wata ɗaya ta kwasa ta sayi saitinta, sauran su taru su haɗa mata, wanda hakan ke zama maimaicin darasi sau 10. Akwai kuma kamfanonin da ke ba da kaya a biya sannu a hankali ta waya, amma a karanta wa matan jimillar abin da za su biya har ƙarshe, da abin da zai faru idan aka yi fashin biya, a kuma duba ko sabis na kamawa a garin. Wadda ke son sayar da fitilu da murhu a matsayin sana'a tana iya duba tsarin Solar Sister, ƙungiyar da ke aiki da mata 'yan kasuwa a Najeriya da Tanzaniya da Kenya. Abin da ba za a yi sassauci a kansa ba shi ne asusun batir: batir mai ruwa yakan nemi canji bayan shekara biyu zuwa uku, saboda haka a raba kuɗinsa gida 100, duk mako a jefa kaso ɗaya a asusu tun daga makon farko.

Mataki na takwas: abin da za a bari a baya

Daga cikin mahalarta a ware huɗu ko biyar da hannunsu ya fi faɗawa, a ƙara musu mako biyu kan gano matsala, a ba kowace akwatin aiki mai mitar gwaji da filaya da sukudireba da abin like waya da fiyus iri-iri. Su san cewa batir mai bolt 12 da ya huta yana nuna wajen 12.7 idan ya cika, 12.1 kuma yana nufin ya kai rabi a daina ja, su san cewa ruwan batir tatacce kawai ake ƙarawa ba na rijiya ba, kuma yawancin abin da ake kira lalacewa bai wuce sakin waya ko tsatsar kan batir ko fiyus da ya ƙone ba. A yanka musu ladan aiki a gaban jama'a domin kada a mayar da su masu aikin Allah-ya-ba-ki-lada har su gaji su bari. A samu shago ɗaya a Gembu ko Nguroje da zai riƙa ajiye kwantirola da ƙwai da waya, a haɗa shi da dillali amintacce da direbobin Land Rover da ke shiga ƙauyuka. Mataccen batir kuma ba a fasa shi a gida, ba a bar wa yara, a tara shi a mayar wa dillali, domin dalmar da ke cikinsa guba ce.

Masu horarwa su koma bayan wata ɗaya, da bayan wata uku, sannan a tsakiyar Agusta lokacin da hazo ya fi kauri, domin saitin da ya tsallake wannan wata shi ne aka lissafa daidai. A kowace ziyara a sake auna itace a gidaje goman nan na farko da ma'aunin da aka fara da shi, a karanta mitar batir da asuba kafin rana ta fito, a buɗe littafin kowace a ga lita nawa ta daina saye da abin da ya taru a asusun batir. Inda aka tarar batir yana kwana ƙasa da 12.1, a zauna da mai shagon a sake lissafin kayanta ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa za a samu an ƙara talabijin ko firji na biyu da ba sa cikin lissafin farko, kuma sai an ƙara faranti ko an rage kaya kafin a sayi sabon batir.